Atishawar hunturu da ta ƙi ƙarewa: amsoshin wasiƙunku

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da hazo ya sauko saƙonnin da ke shigo min kusan duk kuka ɗaya ne, hanci da ido da ƙirji, shi ya sa wannan makon na ware filin gaba ɗaya saboda su. Masu tambaya kan yaye da haƙorin yara ku yi min haƙuri zuwa fitowa ta gaba in sha Allah.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni dai duk shekara da zarar sanyi ya shigo shikenan na shiga uku, ina tashi da asuba zan fara atishawa sai in jera goma ko fi, hancina na zuba kamar famfo kuma ruwa ne tsararo ba majina mai kauri ba, ga wani ƙaiƙayi can cikin maƙogwaro da kunne inda hannu ba ya kaiwa. Na sha maganin mura har na gaji, Piriton kuma in na sha sai in wuni ina gyangyaɗi a kan keke, tela ce ni. Surukata ta ce sanyi ne ya kama ni in daina wankan safe. Dan Allah akwai abin da zan yi a gida ba sai ƙwaya ba?
— Mai ɗinki, Gusau

Amsa: Ƙanwata sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kika lissafo min ba mura ba ce, kuma shi ya sa maganin mura ya ƙi yi miki komai. Mura ƙwayar cuta ce, tana zuwa da kasala da ciwon jiki wani lokacin da ɗan zazzaɓi, majina ta yi kauri bayan kwana biyu uku, kafin kwana goma ta tafi abinta. Taki kuwa ba zazzaɓi, ruwa ne tsararo, ga ƙaiƙayi, ga ta tana dawowa lokaci ɗaya duk shekara, wannan shi ne aleji. Jikinki ne ke ɗaukar abin da ba cuta ba a matsayin abokin gaba, sai ya saki wani sinadari da ake kira histamin, shi ke kumbura fatar cikin hanci ya sa ta tsiyaya ya kawo ƙaiƙayin nan. Piriton histamin ɗin yake tarewa amma tsohon magani ne mai shiga ƙwaƙwalwa shi ya sa yake kwantar da ke, akwai irin su loratadine da ba su cika sa barci ba, ki tambaya a asibiti ko wurin ƙwararren mai harhaɗa magani.

To amma kin ce na gida kike so, kuma gaskiya na gidan nan yana aiki in aka dage. Ki fara sanin me kike shaƙa. Hazon nan mafi yawansa daga Chadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar, wurin da dā can ƙasan wani makeken tafki ne ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alkama, iska in ta matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi sai ta kwashe ta ta yo mana nan da ita, daga wajen Nuwamba har zuwa Maris. Ƙurar tana busar da hanci ta kankare shi, hancin da ya riga ya tsage kuwa komai ya taɓa shi sai ya tayar. Sannan akwai na cikin ɗaki wanda mutane ba sa lura da shi. Ki tuna ranar da kika fara atishawar bana, ba zan yi mamaki ba in ranar ce kika sauko da jakar barguna da rigunan sanyi daga saman wadirof, kika zuge zif kika kakkaɓe su a tsakar ɗaki kika lulluɓa a daren nan ba tare da sun ga ruwa ko rana ba. A cikin bargo da katifa da filo akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani, suna cin ɓurɓushin fatar jikinmu, kashinsu ne ke tayar wa mutane da yawa da atishawar asuba. Ki wanke barguna da zanin gado da ruwan zafi sosai, ki shanya katifa da filo a rana su gasu, rigar filo kuma duk sati ki canza.

Babban abin da nake so ki riƙe shi ne wankin hanci da ruwan gishiri. Ki samu ruwa rabin lita, wato daidai ledar fiya wata ɗaya, ki tafasa shi ya yi kamar minti biyu yana tafasa sannan ki bar shi ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe ba a tule ba. In kina da bekin soda ki ƙara ɗan kaɗan yana rage zafin, amma kar ki sa kanwa. Ki sayi sirinji babba a kemis ki cire allurar ki yar, ki sunkuya a kan baho, ki karkatar da kai gefe ɗaya bakinki a buɗe, ki matsa ruwan a hankali ta ƙofar hancin da ke sama zai fito ta ɗayar, ki juya ki yi wa ɗaya ɓangaren, sannan ki fyace a hankali ba da ƙarfi ba. Karon farko za ki ji wani iri, za ki ga abin da ke fitowa jawur ko toka-toka kamar an wanke tsumma, nan za ki gane me kike yawo da shi a hanci. Sau biyu a rana, safe da kuma in kin dawo daga shago. Maganar tafasa ruwan nan ban faɗe ta don ado ba fa, akwai wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ruwan da ba a tace ba wadda in ta haura can ƙurya ta hanci tana kaiwa ƙwaƙwalwa, ba ta da yawa ko kaɗan amma a Karachi ta Pakistan an yi asarar rayuka saboda ita. Ko ruwan leda ne ki tafasa, kuma kullum ki haɗa sabo, sirinjin ki wanke ki bar shi ya bushe. In kina azumi ki yi kafin asuba da bayan shan ruwa.

Surukarki kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba, iska mai sanyi da ruwan sanyi suna tayar da atishawa ga hancin da ya riga ya kumbura, don haka ki riƙa sirka ruwan wankanki. Ni dai da za ki ji tawa ki ƙara da wankan yamma ko a ƙalla ki wanke fuska ki canza kaya da ɗankwali kafin ki hau gado, kar ki kai ƙurar titi kan filo. A shago kuma ƙurar yadi ba ƙaramar aba ba ce, ki sa takunkumi lokacin yanka da shara, ki yayyafa ruwa kafin tsintsiya ta taɓa ƙasa, tebur da kan keke ki goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa.

Tambaya: Hajiya ina gaisuwa. An ce min zumar yankin da mutum yake zaune in yana shan ta kullum tana raba shi da wannan atishawar har abada, wani kuma ya ce in haɗa da man habbatus sauda in riƙa ɗigawa a hanci. Mene ne gaskiyar magana?
— Malamin makaranta, Maraɗi

Amsa: Malam ina amsawa. Zuma da habbatus sauda abubuwa ne masu daraja a wurinmu, ambatonsu ya zo a Alƙur'ani da hadisi, kuma ni kaina ba na raba gidana da su. Zuma cikin ruwan ɗumi da citta da ɗan lemon tsami tana sanyaya maƙogwaro tana rage tarin nan mai ƙaiƙayi, wannan kam ka sha ba fargaba. Amma maganar rabuwa har abada an ƙara mata gishiri. Hujjar masu faɗin haka ita ce wai zuma na ɗauke da garin furen yankin, in kana ci kaɗan-kaɗan jiki zai saba, alhali ƙudan zuma garin fure mai nauyi mai danƙo yake kwasowa, wanda ke damun hanci kuwa mara nauyi ne na ciyayi da bishiyoyi da iska ke ɗauka, balle ƙurar hazo da ƙwarin katifa da ba ruwansu da zuma. An gwada abin. A Amurka a 2002 an ba wasu cokali ɗaya kullum ba a ga bambanci tsakaninsu da waɗanda aka ba ruwan zaƙi ba. A Maleshiya a 2013 an ba wasu mai yawa, giram ɗaya a kan kowane kilo na nauyin jiki har sati huɗu, aka ga sauƙi, sai dai mutum 40 ne kawai kuma dukansu suna shan loratadine tare. Ka lissafa, mai kilo 60 kusan babban cokali uku ke nan kullum, in akwai ciwon suga wannan ba hanyarka ba ce. Man habbatus sauda kuma ka sha kaɗan ko ka tauna ƙwayar, amma ban so ka riƙa tsiyaya shi can cikin hanci, yana da zafi, kuma duk wani mai in yana gangarawa huhu a kai a kai yana iya haifar da matsala. Tunda malami ne kai ka isar min da wannan ga iyayen yara: jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ko lasa ce.

Tambaya: Anti ki taimaka min, ɗana ɗan shekara bakwai idonsa ya koma ruwan ƙasa kamar na mai shan sigari, kullum hannunsa na ido yana murza, da safe wani abu fari mai yauƙi kamar zare ke fitowa, rana in ta haska shi sai ya runtse. Mun ɗauka afolo ne amma wata huɗu ke nan kuma ba wanda ya ɗauka a gidan. Maƙwabciyata ta ce in ɗiga masa ruwan suga ko nonon mai shayarwa, wani mai kemis kuma ya ba mu wani ɗigo yana sa wa idon ya washe amma da mun daina sai ya dawo.
— Maman Abba, Potiskum

Amsa: Maman Abba wasiƙarki ce ta fi tsaya min a rai. Afolo yana yaɗuwa ya bi gida kaf kuma cikin sati ɗaya ko biyu ya wuce, na ɗanki alamunsa sun fi kama da alejin ido mai tsanani wanda ya yi yawa a yaran ƙasashe masu zafi da ƙura irin namu, ya fi kama maza, yana tashi yana kwantawa da yanayi, kuma yawanci in yaro ya balaga yakan lafa da kansa. Aikinki shi ne ki kai idon nan lafiya zuwa wannan lokacin.

Dan girman Allah kar ki sa masa ruwan suga, kar ki sa nono, kar ki sa ruwan albasa ko na wani ganye, kwalli ma ki ajiye shi don na gargajiyan nan da yawansa akwai dalma a ciki. Ɗigon nan kuma ki ɗauko kwalin yanzu ki duba, in kin ga an rubuta dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone to shi ne abin da nake tsoro. Yana washe ido nan take shi ya sa iyaye ke son shi, amma in aka yi watanni ana sawa ba likita yana iya kawo hawan jinin ido da yanar ido, hawan jinin ido kuwa ganin da ya cinye ba ya dawowa. Na taɓa zama da wata uwa da yaronta ɗan aji huɗu, ta kwance bakin zaninta ta zazzage min ƙananan kwalabe guda tara da ta ƙarar a idonsa cikin shekara, duk daga shago ɗaya, tana cewa ai shi kaɗai ke masa aiki, yaron kuma yana zaune yana matso da littafi har kan hancinsa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don matar nan ƙauna ce ta sa ta, ba wanda ya taɓa yi mata bayani. Ki ɗauki kwalbar ki tafi da ita asibitin ido a auna shi, su za su faɗa miki yadda za a janye shi su ba shi wanda ya dace da dogon amfani. In na kusa da ke sun tura ku gaba ki je, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano.

Abin da za ki yi a gida shi ne sanyi. Tsumma mai tsafta ki tsoma a ruwan randa mai sanyi ko na firij ki matse, ya rufe ido ki ɗora masa minti biyar zuwa goma, sau uku ko huɗu a rana musamman in ya dawo daga makaranta ko ƙwallo, ya wanke fuska da hannu da ruwa mai kyau. Ki yanke masa farce. Murzar nan ita ke ƙara hura wutar, kuma in ta yi yawa tana iya sauya siffar gilashin gaban ido, to kar ki tsaya ga tsawa kawai, ki koya masa duk sanda ƙaiƙayi ya taso ya zo ya karɓi tsummansa. Hular hana sallah da tabarau in zai fita rana suna taimakawa.

Tambaya: Anti ni amarya ce, da na kunna turaren wuta maigida sai ya hau atishawa idonsa ya yi ja, ni kuma kin san mu gida ba turare ai ba gida ba ne. Ya zan yi?
— Amarya, Maiduguri

Amsa: Amarya Allah ya ba da zaman lafiya. Hayaƙi hayaƙi ne ko na sandal ne, hancin mai aleji ba ya bambancewa. Ki turara ɗakin da rana sa'ad da ba ya nan, ki buɗe taga hayaƙin ya fita ƙamshin zai zauna a labule, kayanki kuma ki turara su a kan kabbasa a waje. Ɗakin kwana dai ki raba shi da kasko, haka maganin sauro na kunnawa, ku koma gidan sauro.

Tambaya: Babana manomi ne, shi nasa ba hunturu ba ne, tun gero na fitar da bununi yake farawa, lokacin sussuka da shiƙa kuwa hancinsa toshewa yake gaba ɗaya sai da baki yake numfashi. Yana shafa man kaɗanya a hanci ya ce yana jin daɗinsa, ni kuma na saya masa Otrivin yanzu wata biyu ba ya iya barci sai ya ɗiga.
— Ɗansa, Daura

Amsa: Ɗana ka gaida min Baba. Man kaɗanyarsa ka bar masa, tun 1979 wani ɗan ƙaramin bincike a Jami'ar Legas ya nuna yana buɗe toshewar hanci, kuma shafa shi a bakin ƙofar hanci yana kama wani abu daga ƙura yana hana tsagewa da haɓo. Kaɗan dai, a baki-baki, ba cusawa ciki ba. Otrivin ɗin ne matsalar, irin wannan ɗigon ba a wuce kwana biyar zuwa bakwai a jere da shi, in aka zarce hanci sai ya saba, da ƙarfin maganin ya sauka ya kumbura fiye da dā, shi ya sa Baba ya kasa barci sai da shi. Ya fara dainawa a hanci ɗaya, in wannan ya warware bayan wasu kwanaki sai ɗayan, yana wankin ruwan gishirin da na bayyana a sama, kuma ka kai shi asibiti don akwai feshin hanci na daban da likita ke rubutawa wanda ke sauƙaƙa wannan janyewar, a duba hawan jininsa ma a tafiya ɗaya. Ranar shiƙa ya tsaya ta inda iska ke fitowa ba inda take kai ƙaiƙayin ba, ya naɗe hanci da baki da rawani ko takunkumi, in ya dawo ya cire kayan gonar a waje ya yi wanka.

Tambaya: Hajiya ni ɗan adaidaita ne, wuni nake cikin ƙura da hayaƙi. Atishawar ba ta dame ni ba kamar tarin dare, wajen ƙarfe uku sai in farka ƙirjina ya ɗaure ina jin wani fito-fito in na ja numfashi. Ina yin sirace da ganyen darbejiya da Robb, ina ɗan jin dama. In ci gaba?
— Direba, Kano

Amsa: Ƙanena wannan fiton da ɗaurewar ƙirji da tsakar dare alamun asma ne, kuma ita da alejin hanci 'yan gida ɗaya ne, sau da yawa mai ɗaya yana da ɗayar. Sirace yana sassauta majina ka ji daɗi na ɗan lokaci amma ba ya buɗe hanyoyin iskar huhu da suka tsuke, wasu ma tururin da ƙarfin Robb ɗin ke ƙara tayar musu da tari. Gobe kafin ka ɗauki fasinjan farko ka biya asibiti a saurari ƙirjinka. In sun ba ka inhela ka karɓa, maganar da ake yi wai wanda ya fara ba ya dainawa ba gaskiya ba ce, ka tambaye su su nuna maka yadda ake shaƙa a gabansu, kuma ka ajiye ta a aljihu ba a gida ba. Kar ka yarda da ƙananan ƙwayoyin nan na dekza, wato dexamethasone, da ake ƙirgo wa mutane a leda. A kan hanya ka sa takunkumi, irin N95 ya fi na yadi tare ƙura mai laushi, ranar da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin hazo mai kauri ko ka ga ba ka hango ƙarshen titi ka rage awannin fita in da hali, ka riƙa shan ruwa ko ba ka jin ƙishi. In dare ya yi numfashi ya gagara har ba ka iya haɗa jimla ɗaya, ko leɓe ya sauya launi, kar a tsaya dafa ganye kar a jira asuba, a tashi maƙwabci a kai ka asibiti a lokacin.